GWIWAR BUTUTU: ƘARAMIN MAI GADIN BANƊAKI

Sau da yawa maigida yakan sayo sabon kabad mai kwanon wanke hannu, a fid da tsohon, a girka wannan a banɗaki, kowa ya gani ya yaba. Ba a yin mako biyu sai uwargida ta fara kukan wari, kyankyasai su riƙa fitowa ta ramin kwano, katakon gindin kabad kuma ya kumbura. Daga nan sai a ɗora wa sokawe laifi, a kira masu yasa, a yi hasarar kuɗi a banza. Alhali kuwa ɓarnar tana nan ƙarƙashin kwano, inda aka haɗa sabon bututu da tsoho.

Duk wanda ya leƙa wurin zai ga bututun ya tanƙware kamar gwiwa, ko kuwa ya bi ta cikin wani abu mai kama da kwalba, kafin ya shige bango. Kullum akwai ruwa kwance a cikin wannan gwiwa, zurfin inci 2 zuwa 3, kuma shi ne murfin da ke hana iskar sokawe, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, komowa cikin ɗaki. Dabarar tsohuwa ce, domin tun 1775 wani mai ƙera agogo, Alexander Cumming, ya yi mata rajista a Ingila.

Mai ganin batun wari ne kawai, sai ya tuna abin da ya auku a Hong Kong cikin 2003. Mutum fiye da 300 suka kamu da cutar numfashi ta SARS a rukunin benaye na Amoy Gardens, masu bincike kuma suka gano cewa gwiwoyin magudanan daɓen banɗakuna sun bushe, iska mai ɗauke da cutar ta sami hanyar shiga gidaje. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To, me ya sa canjin kabad ke jawo wannan? Dalili shi ne da wuya ramin sabon kwano ya dace da bakin bututun da ke bango. Saɓanin kuwa iri uku ne.

Na farko, tsawo. Idan sabon kwano ya fi tsohon bisa, abin mai sauƙi ne, sai a ƙara guntun bututu tsakaninsa da gwiwa. Amma idan ya fi zurfi har mafitar gwiwa ta koma ƙasa da bakin bango, to, ruwa ba ya hawa tudu. Dole a fasa bango a saukar da bututun, ko a nemi wani kabad.

Na biyu, karkata hagu ko dama. Gwiwa tana juyawa in an sassauta zobenta, abin da ya rage kuma a cike shi da kusurwa da miƙaƙƙen bututu, a bar masa gangara ta kwatan inci a kowace ƙafa guda.

Na uku, faɗi. Bututun kwanon banɗaki galibi inci 1¼ ne, na bango kuwa yakan zama inci 1½, wani lokaci ma na ƙarfe ne a tsofaffin gidaje. Kowanne yana da mahaɗinsa a kasuwa, mai zoben roba a ciki.

A nan ne mai gyaran famfo mai gaggawa yakan yi ha'inci. Sai ya cire gwiwar gaba ɗaya don aljihun kabad ya rufu, ya zura tiyo mai tattara daga kwano har cikin bango, ya cusa leda ko siminti a gefe. Tattarar nan takan tara gashi da kumfar sabulu har ta toshe, ga kuma ƙofa an buɗe wa wari. Araha ba ta ado. Gara a yanke bayan aljihun kabad da a taɓa gwiwa.

Saboda haka, kafin maigida ya tafi kanti, ya kamata ya auna tsawon bakin bututu daga ƙasa, da nisansa daga bangon gefe, da faɗinsa, ya rubuta a takarda. In an gama aiki kuma, kada ya biya lada sai an cika kwano da ruwa, an shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙasa, an saki ruwan gaba ɗaya. Ɗigo guda ya isa shaida.

Abu na ƙarshe, banɗakin baƙi da ba a cika shiga ba, ruwan gwiwarsa yakan ƙafe, balle lokacin hunturu da bazara. Buta guda a kwano da magudanar daɓe kowane mako ta wadatar. Rigakafi dai ya fi magani.