Leɓe a Jikin Mutum, da Fure, da Ƙwaro

Duk wanda ya buɗe littafin ilmin halittu zai yi ta karo da waɗansu kalmomi biyu na Latinanci, watau labiyum da labrum. Ma'anarsu duka leɓe. Masanan Turai na dā, in sun ga wani gefe mai kauri ya kewaye bakin rami ko ƙofa, sai su ce ga leɓe. Kamannin ido ne ya gama waɗannan sassa a suna ɗaya, amma asalinsu da aikinsu kowa da nasa.

Mu fara da jikinmu. Gurbin da kan ƙashin dantse yake zama a allon kafaɗa ba shi da zurfi, shi ya sa hannu yake juyawa ko'ina. Sai aka kewaye bakinsa da zoben guringuntsi mai ƙara masa zurfi, wanda likitoci suke kira leɓen gurbi. Akwai irinsa a ƙugu. In kafaɗa ta goce, sau da yawa zoben nan yakan yage, shi ne dalilin da za ku ga saurayi kafaɗarsa tana ta komawa ga gocewa ko da an ɗora ta. Leɓen baki kuwa, na sama, daga sassan da suke haɗuwa tsakanin mako na 4 da na 7 na ciki yake samuwa. In haɗuwar ba ta cika ba sai a haifi jariri da tsagaggen leɓe, kimanin ɗaya cikin 700 a duniya. Ba baki aka yi wa uwar ba, kuma ana ɗinke shi a asibiti tun yaron yana 'yan watanni.

A tsire-tsire, daɗɗoya da na'ana'a suna cikin wani dangi mai iri kusan 7,000, wanda Jussieu, masanin Faransa, ya raɗa wa suna "masu leɓe" a 1789. Ku tsinki furen daɗɗoya ku duba: bakinsa ya rabu biyu, sama da ƙasa. Mafi ban mamaki su ne furannin okid. A yawancinsu toho yakan murɗa digiri 180 kafin ya buɗe, don leɓen ya koma ƙasa ya zama masaukin ƙwaro. A jinsin Ofris ma leɓen yana kwaikwayon macen zuma ko zanzaro, a siffa da gashi da ƙanshi, har namiji ya zo ya hau shi ya tafi da garin fure a jikinsa. Pouyanne, wani alƙali Bafaranshe a Aljeriya, shi ya bayyana haka a 1916.

Amma a ganina darasin ya fi fitowa fili wajen ƙwari. A 1816 Savigny ya nuna cewa bakin fara da na malam-buɗe-littafi da na ƙuda duk kayan gini ɗaya ne, sarrafa su aka yi dabam. Leɓen ƙasa na ƙwaro asalinsa gaɓoɓi biyu ne, dangin ƙafafu, da suka manne. A fara yana tare abinci kada ya zube. A ɗan mazari, mai zama cikin ruwa, ya zama hannu mai naɗewa da ake cillawa a cafko abin ci. A ƙuda ƙarshensa ya zama kamar soso mai tsotse ruwa.

A macen sauro kuwa, leɓen ƙasa kube ne kawai. Sa'ad da ta sauka a fata sai kuben ya lanƙwashe baya, allurai 6 da ke cikinsa su shige. Leɓen sama yana ɗaya daga cikinsu, ta cikinsa jini yake hawa. Wata allura dabam ce take zuba miyau mai hana jini daskarewa, kuma a cikin miyaun nan ne ƙwayar zazzaɓin cizon sauro take shiga jikin mutum.