Hattara da Bloc-notes: Muna Kashe Takardunmu da Hannunmu

Jama'a, wata ɓarna tana cin mu a ɓoye, daga Mandouri zuwa Dapaong har zangon Sokodé. Ya zama wajibi mu kira ta da sunanta: buɗe kowane irin fayil da Bloc-notes, a taɓa, a adana.

Na gani da idona a wani shagon kwamfuta a Dapaong. Wani ɗan kasuwa ya taso tun daga Mandouri, lissafin bashin shekara guda yana cikin fayil ɗin Excel. Fayil ya ƙi buɗuwa. Yaron shago ya ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka." Ya buɗe shi da Bloc-notes. Allo ya cika da tarkacen alamomi. Ya ce cuta ce, ya goge layi biyu, ya danna Enregistrer, wato adanawa.

Shi ke nan. Lissafi ya mutu. Alhaji ya cire hula, ya yi tagumi.

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne!

Bloc-notes, wanda wasu ke kira Notepad, rubutu zalla ya sani. Tun daga Office 2007, fayil ɗin Word da na Excel ƙunshi ne da aka matse da ZIP, shi ya sa za ka ga PK a farkonsa. PDF kuwa yana ɗauke da jadawalin da ke nuna mazaunin kowane sashe. Ka ƙara harafi ɗaya, lissafin jadawalin ya goce.

Ko ba ka goge komai ba, adanawar kaɗai ta isa. Bloc-notes yana sauya abin da bai gane ba, sannan ya rubuta a kan na asali.

Yau lissafin bashi ne. Gobe takardar haihuwa ce, ko sakamakon jarrabawar BEPC, ko hoton mahaifiyar da ta rasu, wanda babu na biyunsa.

Ya zama wajibi a kwafi fayil kafin a taɓa shi.

Ya zama wajibi a buɗe kowane fayil da manhajarsa.

Ya zama wajibi wanda ya ga tarkacen alamomi ya rufe nan take, in aka tambaye shi ko za a adana, ya ce a'a.

Masu shago, amanar mutane ce a hannunku. Ku koya wa yaranku. Wanda ya ga ana wannan aika-aika ya yi shiru, da shi aka yi ɓarnar.