Daga Kano Zuwa Kwangwalam: A Ina Motar Lantarki Za Ta Sha Wuta?

Titin da ya tashi daga Dawanau a Kano, ya bi ta Dambatta, ya ratsa Kazaure da Daura har ya dangana da Kwangwalam a bakin iyakar Nijar, tsawonsa kilomita 132 ne. A farkon 2023 aka ƙaddamar da aikin mayar da shi tagwayen hanya, inda kamfanin BUA ya ɗauki nauyin zuba kuɗin a madadin harajin da zai biya gwamnatin tarayya. Duk wanda ya saba bin wannan titi ya san gidajen man da ke kansa ɗaya bayan ɗaya, ya san inda lita take cika da inda ba ta cika. Tambayar da ba mu fara yi wa kanmu ba ita ce: ranar da motoci masu aiki da batir suka fara bin hanyar nan, a ina za su tsaya su sha wuta?

Na san wani zai ce mu da wutar gida ma ta gagare mu, ina mu ina motar lantarki? Maganarsa tana kan hanya, kuma zan dawo kanta. Sai dai tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta yi ta hawa har ta haura Naira 1,000 a 2024, lissafin kowane direba ya sauya. Kuma motar ba baƙuwa ba ce a Arewa. Tun 2021 hukumar ƙera motoci ta ƙasa, a zamanin shugabancin Jelani Aliyu, ta kafa tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin ƙananan motocin bas yana sa musu batir, gwamnatin Borno kuma ta fito da tasi masu lantarki a ƙarshen 2023. Habasha ma ta hana shigo da motocin gida masu shan fetur a 2024. Abin yana tafe, ko mun shirya ko ba mu shirya ba.

Caji iri biyu ne. Akwai na kwana, wanda ake jona mota a gida ko a gareji da ƙarfin kilowat 3 zuwa 7, a bar ta har gari ya waye. Akwai kuma na gaggawa, mai ƙarfin kilowat 50 zuwa 150 ko fiye, wanda ke ɗaga batir daga kashi 20 zuwa kashi 80 cikin ɗari a minti talatin zuwa arba'in. Daga kashi 80 motar da kanta take rage shan wutar don kada batir ya yi zafi, shi ya sa matafiyi ba ya jiran ta cika fal. Na kwana shi ne mai araha. Na gaggawa kuwa shi ke ba mutum ƙarfin halin barin gari.

Ga yadda lissafin yake a kan hanyarmu. Mota mai batir na yunit 60, a takarda za a ce maka tana cin kilomita 400 kafin ta nemi caji. Amma takarda ba ta san lodin ranar kasuwa ba. Ka ɗora fasinja, ka cika but da buhunan gero, ka kunna na'urar sanyaya mota a zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ga gudu a kan sabuwar kwalta, ga shi kuma yawancin motocin da za su iso mana na hannu ne waɗanda batirinsu ya fara gajiya. Direba mai hankali ba zai dogara da fiye da kilomita 250 ba. Zuwa Daura daga Kano da dawowa kusan hakan ne cif. Zuwa Damagaram kuwa kimanin kilomita 240 ne tafiya ɗaya. Ke nan babu direban hayar da zai yarda ya sayi irin wannan mota sai ya tabbata akwai inda zai ƙara wuta a tsakani.

Ƙasashen da suka riga mu sun sa ƙa'ida. Tarayyar Turai ta ce a manyan hanyoyinta kada tazarar da ke tsakanin tashar cajin gaggawa da ta gaba ta wuce kilomita 60. Amurka, a shirin da ta ware wa dala biliyan 5 a 2021, ta fara da ƙa'idar mil 50, wato kimanin kilomita 80, kuma kada tashar ta yi nisa da babban titi fiye da mil ɗaya. Idan muka ɗora wannan ma'auni a kan taswirarmu, yatsa a kan Kazaure yake sauka. Tana da nisan kimanin kilomita 80 daga tsakiyar Kano, daga nan zuwa Daura kuma bai kai 60 ba. Wanda ya fito daga Kano da cikakken batir ba ya bukatar tsayawa a Dambatta, ya yi kusa da gida. Wanda ya dawo daga Daura ko kasuwar Mai'aduwa ta ranar Lahadi kuwa, daidai Kazaure ne hankalinsa zai fara tashi. Ga kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, shi ma ta Kazaure ya bi. Fasinjan da jirgi zai sauke, mota ce ko Adaidaita Sahu za ta kai shi Roni da Gwiwa da 'Yankwashi.

To a ina cikin Kazaure? A nan ne nake jin tsoron a yi kuskure. Al'adarmu ce idan sabon abu ya zo a kai shi harabar sakatariya ko bayan katangar wata ma'aikata, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto, maigadi ya kulle ƙofa da ƙarfe huɗu na yamma. Tashar caji ba ta rayuwa a irin wannan wuri. Mai shan mai minti biyar yake yi ya wuce, mai caji kuwa zaman rabin awa ne a gabansa, shi da fasinjansa. A je bakin tasha da azahar a ga abin da matafiya ke yi da rabin awa. Direba ya kashe mota, ya miƙa wa ɗan kamasho abin da zai miƙa. Dattijo ya ɗauki buta ya nufi wurin alwala. Mace mai goyo tana tambayar inda makewayi yake. Wani ya tsaya gaban mai tsire, wani gaban mai fura, wani yana neman mai POS. Inda waɗannan suka riga suka haɗu, a bakin babban titi, a gefen da mota za ta shiga ta fita ba tare da ta kutsa cunkoson kasuwa ba, nan ne wurin caja. A sa rumfa mai inuwa, domin batir da ya sha rana a hankali yake karɓar wuta. A zaɓi tudu, domin ruwan damina da wayar lantarki ba sa ga maciji. A sa fitila da mai gadi, domin wayar tagulla tana da masu so.

Yanzu mu koma ga mai cewa ina wutar. Caja biyu masu kilowat 150, idan suna aiki lokaci guda, za su shanye ƙarfin taransifoma irin wadda ake ba unguwa sukutum. Duk wanda ya jona su a taransifomar unguwa ya jawo wa kansa faɗa da maƙwabta. Dole tashar ta sami tata taransifomar, a kusa da babban layin KEDCO, kamfanin da ke raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa. Ko hakan ma bai isa ba. Ba mu manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta Arewa ta bar jihohinmu cikin duhu fiye da mako guda. Da a ce akwai motocin haya masu dogaro da wannan wuta kaɗai, da duk sun kwanta.

Maganin yana cikin abin da masu shagon cajin waya suka daɗe da ganowa. Dubi allon mai caji a kowace kasuwar ƙauye: soket jere reras, kowace waya da lambarta a manne, farantin sola a kan rufin kwano, batir a ƙarƙashin benci, ƙaramin janareta a ajiye don ranar da hadari ya rufe sama. Bai taɓa dogara da hanya ɗaya ba, shi ya sa ba a zuwa a tarar ya rufe. Tashar cajin mota ita ma ƙafa uku take bukata: wutar layi idan akwai, sola da rana, da babban batirin ajiya da zai tara wutar a hankali ya juye wa mota da sauri. A yankinmu, farantan sola masu ƙarfin kilowat 100 suna iya ba da yunit 450 zuwa 500 a rana mai kyau. Idan kowace mota ta sha yunit 35, an sallami mota goma sha biyu zuwa sha huɗu. Ba yawa, amma ya isa a fara. Wannan yana nufin fili, domin farantan suna cin wuri, kuma filin bakin sabon titi ba ya jiran kowa. Gara ƙaramar hukuma da masarauta su keɓe shi tun farashinsa bai fi ƙarfin aikin ba. Yana kuma nufin ruwa da mai shara, domin ƙurar hunturu idan ta kwanta a kan faranti, wutar raguwa take yi kullum har sai an goge.

Tasha ta biyu Babura ta dace da ita. Hanyarta daban ce: daga Kwanar Dumawa ta bi Kunya da Kanya Babba ta shiga Babura, ta wuce Babban Mutum, ta tsallaka zuwa Magarya a Nijar. Wanda ke kan wannan hanya cajar Kazaure ba za ta amfane shi ba. Ga fataken kan iyaka, ga kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a garin a 2021, wadda ke jawo malamai da ɗalibai da iyayensu daga nesa. Ba sai an fara da babba ba. Caja ɗaya mai kilowat 60 da baki biyu ta wadatar, muddin an bar wurin ƙari.

Roni da Gwiwa fa? Zan faɗi abin da na san ba zai yi wa wasu 'yan uwana daɗi ba: ba su bukatar cajar gaggawa a yanzu. Idan aka bi tsarin rabon siyasa, kowace ƙaramar hukuma a ba ta guda don kada a ce an yi wariya, za a binne miliyoyi a inda mota ɗaya ba za ta tsaya ba a yini, na'urar ta lalace a zaune. Zirga-zirgar Roni da Gwiwa ta gajeren zango ce, daga ƙauye zuwa kasuwa, daga gida zuwa asibitin Kazaure, kuma babur da Adaidaita Sahu ne ke ɗaukar nauyinta. Abin da zai amfani ɗan acaɓa a can shi ne rumfar sola da zai ajiye batirin da ya ƙare ya ɗauki cikakke, da wurin cajin kwana mai araha. Kuɗin cajar gaggawa guda ɗaya zai kafa irin waɗannan rumfuna da dama. Gwiwa kuma tana da nata babban rabon idan Allah ya nufa: shekaru ke nan ana maganar kafa katafariyar tashar hasken rana mai megawat 1,000 a ƙasarta. Ranar da wannan ya tabbata, ita za ta riƙa ba tashoshin hanya wuta.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da ke iya kashe aikin tun a farko. Na ɗaya bakin caja. Motar Turai da irin nata, ta Sin da nata, tsohuwar Nissan Leaf ta Japan da nata, ta Amurka da nata. Mu kuwa daga ko'ina ake kawo mana mota. Tashar da ta sa baki iri ɗaya za ta riƙa mayar da masu zuwa hannu rabbana, don haka a tanadi aƙalla na Turai da na Sin, a ajiye mahaɗin sauran. Na biyu farashi. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100, idan lita tana Naira 1,000, ta ci Naira 10,000. Ta lantarki tana shan kimanin yunit 18 a wannan tazara. A farashin Naira 225 da aka sa wa 'yan rukunin A na masu amfani da wutar lantarki a Afrilun 2024, kuɗin bai wuce Naira 4,050 ba. Amma mai tasha sai ya fitar da kuɗin na'ura da batir da ma'aikata. Idan ya ninka farashin, an koma Naira 8,100, ribar direba ta zama 'yar kaɗan. Saboda haka a gaya wa direbobi gaskiya tun yanzu: ribarsu tana cikin cajin kwana, na hanya cikon tafiya ne. Shi kuma mai tasha ba zai tsaya da ƙafarsa ba sai motoci suna zuwa a kai a kai, abin da ke nuna cewa da ƙungiyar direbobi ya kamata a fara zama, ba da masu motocin alfarma ba.

Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wuta a cikin iyakarsu, don haka gwamnatin Jigawa da ke Dutse ba sai ta jira Abuja ba. Masu gyara ma a gida za a same su. Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu tana nan Kazaure, jami'ar Babura tana can. Kafin a sayo ko da kusa ɗaya, a ba ɗalibansu aiki mai sauƙi: su zauna a mashigar Kazaure da ta Babura mako biyu, rani da damina, ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa, su ƙirga motocin da ke wucewa, su tambayi direbobi daga ina zuwa ina, a ina suke tsayawa, minti nawa suke yi. Wannan ƙidaya ba ta cin kuɗin kirki, kuma ita ce hujjar da za a ajiye a gaban duk mai son a kai tashar ƙofar gidansa.