Dantchiao: gona a Nijar, kasuwa a Nijeriya

Matafiyin da ya baro Damagaram ya iso Magarya, idan ya karkata gabas zai shiga ƙasar Dantchiao, wadda ke shimfiɗe a bakin iyaka tana fuskantar jahar Jigawa ta Nijeriya. Komin ce ta karkara a gundumar Magarya, kuma ta zauna a nan ko bayan da aka yanke Dungas ta zama gunduma mai kanta a shekarar 2011.

Takardun ma'aikatar magajin gari da Faransanci ake rubuta su, amma a gona da kasuwa da masallaci Hausa ake ji, sai Fulatanci a bakin makiyaya. Birnin Yamai yana da nisan kusan kilomita 1000. Kano kuwa tafiyar ƴan sa'o'i ce.

Jama'a na ƙaruwa, gona na tsukewa

Wannan yanki yana cikin wuraren da jama'a suka fi cunkoso a Nijar. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da 570.000 a gundumar Magarya kaɗai. Gonar da kaka ya noma shi ɗaya, yau jikoki ke rabonta, har babu sauran filin da za a bari ya huta. A kan wannan ƴar ƙasa ake shuka hatsi da dawa da wake da riɗi. Gyaɗa, wadda ta yi tashe zamanin kamfanin SONARA, ba ta sake komawa matsayinta ba tun fari da cutar da suka auka mata a shekarun 1970.

Manoma ba su naɗe hannu ba. Tun shekarun 1980 suka riƙa barin gawo ya tsiro a gonakinsu suna yi masa sassabe. Itace ne mai zubar da ganye da damina, don haka ba ya hana shuka rana. Yana ƙara wa ƙasa taki, ƴaƴansa kuma abincin bisashe ne. Yau masana daga ƙasashen waje na zuwa Magarya da Matamai da Mirya don ganin wannan aiki na talakawa.

Idan iyaka ta yi tari

Duk da haka, rumbu ba ya kai gida ga wata kaka. Da an gama girbi samari ke tafiya cin rani Kano da Legas, ana kora bisashe zuwa kasuwar Maigatari, ana sayo man fetur da takin zamani da tufafi. Naira na yawo a kasuwa kafaɗa da kafaɗa da sefa. Da darajarta ta faɗi a 2023, kuɗin da ɗan cin rani ke aiko wa iyalinsa ya narke kafin ya iso gida.

Sau biyu aka rufe iyakar cikin shekaru biyar: daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 bisa umurnin shugaba Buhari, sannan daga takunkumin CEDEAO da ya biyo juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 zuwa Maris 2024. A Abuja da Yamai batun siyasa ne. A nan kuwa farashin tiya ne, da zumuncin biki da ta'aziyya tsakanin dangin da layin Turawa ya raba.

Abin da mutanen Dantchiao ke bukata a fili yake: hanya mai kyau, rijiyoyin noman rani, da bankin cimaka da zai hana manomi karyar da wakensa da kaka ya sayi hatsi da tsada da bazara. Kafin a sake ɗaukar wani mataki a kan iyaka, ya kamata magabata su fara jin ta bakin waɗanda ke kwana a bakinta.