Ire-iren Masu-sauyawa a cikin Binciken Ilimi: Misali daga Ƙasar Arewa

A shekarar 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda aka soma karantar da yara da Hausa kafin a shigo da Faransanci. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da koyarwa da harsunan ƙasa, kuma a 2025 aka ɗaukaka Hausa ta zama harshen ƙasa. Duk da haka, tambayar masu tsara yaƙi da jahilci ba ta canza ba: shin harshen koyarwa ne ke sa yaro ya iya karatu da wuri? Ba a amsa ta sai an rarrabe masu-sauyawa, watau duk abin da ake iya aunawa wanda yake bambanta daga yaro zuwa yaro, ko daga aji zuwa aji.

A ɗauka cewa an zaɓi azuzuwa biyu a gundumar Tibiri, ɗaya a Gesheme, ɗaya a Kore Mairuwa.

1. Sanadi. Shi ne abin da mai bincike yake sauyawa da gangan. A nan, harshen koyarwa ke nan: Hausa a aji guda, Faransanci a ɗayan.

2. Sakamako. Shi ne abin da ake aunawa a ƙarshe, kamar yawan kalmomin da yaro zai karanta daidai cikin minti ɗaya.

3. Abin riƙewa. Wannan ana tsayar da shi daidai a azuzuwan biyu: shekarun yara, yawansu, horon malami, da sa'o'in karatu.

4. Mai karkatarwa. Yana ƙara ƙarfin sanadi ko ya rage shi. Yaron da ake yi wa Fulatanci ko Zabarmanci a gida ba zai ci moriyar ajin Hausa daidai da ɗan Ba'are ba.

5. Mai kutse. Shi ne mafi haɗari, domin yana shiga ba a sani ba. Lakkol tana komawa a watan Oktoba, lokacin girbin hatsi. Idan ƙauye guda ya fi riƙe ƴaƴansa a gona, ajinsa zai kasa ba don harshe ba. Haka kuma karin harshe: yaron Arewa yana cewa "tahi" da "hwari", littafi kuwa ya rubuta "tafi" da "fari". In mai gyaran jarrabawa ya ƙidaya wannan kuskure, to karin yaron ya auna, iya karatunsa kuwa bai taɓa shi ba.

Saboda haka, lalle ne a jera masu-sauyawa duka a rubuce kafin a shiga aji. Binciken da ya ɗauki mai kutse a matsayin sanadi yana iya sa hukuma ta rufe makarantar da ke aiki, ko ta yaɗa hanyar da ba ta da amfani, yara kuwa su ne za su ɗauki hasarar.