Mene Ne Ƙugin Da Lasifika Ke Yi?

Wanda ya taɓa zama gindin lasifika a gidan biki ko masallaci, a Bilbis ko Tsafe, ya san ƙugin nan da ba ya yankewa ko an yi shiru. Muryar wutar lantarki ce. Wutar Najeriya tana kai-da-komo sau 50 a daƙiƙa; idan wannan motsi ya kutsa cikin amfilifaya, sai ta ƙara masa ƙarfi kamar kiɗa. Tsofaffin na'urori sun fi yinsa, domin kafasitocin da ke tace wutar kan bushe. Waya marar kyau ma tana jawo shi. Ladanai da makaɗan gita su ke shan wahala. Kada ka buɗe amfilifaya da kanka: kafasita tana riƙe wuta bayan an cire soket. Kai wa mai gyara.