Harshen Talla da Ɗa'ar Kasuwanci a Kafafen Sada Zumunta

1.0 Gabatarwa

Talla ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Tun kafin zuwan rediyo, 'yan talla suna zagaya unguwanni suna koɗa hajarsu, dillalai kuma suna haɗa mai saye da mai sayarwa. A yau wani babban ɓangare na wannan harka ya koma Facebook da Instagram da TikTok da WhatsApp. Wannan darasi zai yi bayani a kan ƙa'idojin ɗa'a da suka wajaba ga mai talla a waɗannan kafafe.

2.0 Abin da Ya Sauya

A kasuwar gargajiya mai saye yakan ga haja da idonsa. Yakan murza atamfa, ya ɗanɗana zuma, ya dubi haƙoran rago. Ya san dillali yana da la'ada, ya kuma san rumfar da zai koma idan an yi masa algus. A kafafen sada zumunta kuwa, hoto da kalma kaɗai ke gabansa, kuma sau da yawa sai ya tura kuɗi kafin kaya su iso. Ke nan amanar cinikin gaba ɗaya ta rataya a kan abin da mai talla ya faɗa.

3.0 Kambamawa da Yaudara

Harshen talla ya gaji kambamawa. Idan mai lemo ya ce lemonsa ya fi zuma zaƙi, babu wanda ya cutu, domin mai faɗa da mai ji duk sun san adon harshe ne. Amma idan mai magani ya rubuta cewa garinsa yana warkar da ciwon suga cikin kwana 7, wannan iƙirari ne da za a iya gwadawa a gane gaskiya ne ko ƙarya. Maras lafiya na iya barin maganin asibiti saboda wannan jimla guda. Ma'aunin shi ne: duk maganar da ta ƙunshi adadi, ko lokaci, ko asalin kaya, ko alƙawarin waraka, ta fita daga adon harshe, dole a sami hujja a kanta.

4.0 Muhimman Ƙa'idoji

(a) Gaskiya a siffanta haja. Hoton da aka nuna ya zama na ainihin kayan da za a aika, ba wanda aka ɗauko daga shafin wani ko aka sauya wa launi ba. A faɗi aibi idan akwai, a kuma faɗi cikakken farashi tare da kuɗin aike.

(b) Bayyana ladan talla. Fitaccen mutumin da aka biya ya yabi kaya dillali ne, sai dai mabiyansa suna ɗaukar maganarsa a matsayin shawarar masoyi. Saboda haka wajibi ne ya faɗa a sarari cewa an biya shi. Alal misali, a shekarar 2022 Kim Kardashian ta amince ta biya dala miliyan 1.26 bayan hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta tuhume ta da tallata wani kuɗin intanet a Instagram ba tare da ta bayyana dala 250,000 da aka ba ta ba.

(c) Guje wa shaidar zur. Ƙirƙirar saƙonnin yabo da sunan masu saye, ko sayen mabiyan bogi, daidai yake da tauye mudu.

(d) Kiyaye sirrin abokin ciniki. Ba a wallafa hotonsa ko hirar da aka yi da shi, ba a kuma jefa lambarsa cikin zauren talla, sai da izininsa.

5.0 Matsayin Doka a Nijeriya

Dokar shekarar 2022 ta kafa hukumar ARCON a madadin APCON da aka kafa a 1988, ta kuma ba ta ikon tantance tallace-tallace, har da na intanet. Tallan magani yana buƙatar amincewar hukumar NAFDAC. Haka kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shata iyakar yadda ake amfani da bayanan mutane.

6.0 Kammalawa

Doka ba za ta iya bin kowane shafi ba. Don haka akwai aiki a wuyan malamin Hausa: ya horar da ɗalibansa su riƙa rarrabe ado da iƙirari a duk tallan da suka karanta. Da yawansu masu saye ne a yau, wasu kuma su ne 'yan kasuwar gobe. Hausawa na cewa ramin ƙarya ƙurarre ne.

Aiki

1. Kawo tallace-tallace 3 na Hausa daga kafafen sada zumunta, ka ware jimlolin kambamawa da na iƙirari.
2. Kwatanta dillalin kasuwa da fitaccen mai talla a intanet.